Yaro ya nemi jami'a a Amurka tun Nuwamba, kuna jiran sakamakon Disamba? Ga abin yi mataki-mataki

Tun da Nuwamba ta raba tsakiya saƙonnin da ke shigo min kusan iri ɗaya ne, daga iyayen da 'ya'yansu suka cike fom ɗin jami'o'in Amurka a zagayen farko, wato neman gurbi da wuri da ake yi a Nuwamba, wasu suna Kano da Abuja, wasu Akra da Kumasi, wasu kuma can Amurkan suke zaune da iyalansu. Yaro ya tura komai tun 1 ga wata, shiru kake ji, to yaushe za a saki sakamako, me za mu yi kafin nan, in an ɗauke shi me ya biyo baya, in ba a ɗauke shi ba fa? Amsawa ɗaya bayan ɗaya ta ishe ni shi ya sa na tattara komai a nan.

Hukuncin jami'a dai ya riga ya fita daga hannunku, ba wanda za ku kira ya sa baki, ba ɗan majalisa ba basarake. Amma makonnin nan biyar zuwa shida aiki ne cike a cikinsu, kuma yawancin ɓarnar da nake gani a nan ake yinta, gida gaba ɗaya a ajiye komai a zuba wa jami'a ɗaya ido, tsammanin warabbuka malam ya ƙi noma don zakka.

1. Ku fara sanin wane iri yaron ya cike

Za ku sha mamakin yawan iyayen da ba su san wannan ba alhali sun sa hannu. Iri uku ne.

Akwai Early Decision, ana ce masa ED. Wannan alkawari ne, in sun ɗauki yaro dole ya je kuma ya janye duk sauran takardun da ya tura wasu wurare, kuma jami'a ɗaya tak ake nema ta wannan hanyar. Columbia, Brown, Cornell, Dartmouth, Duke, Northwestern, NYU duk suna da shi. Takardar alkawarin mutum uku ke sa mata hannu: yaron, uba ko uwa, da malamin gaidans, wato mai ba ɗalibai shawara, na makarantarsa.

Akwai Early Action, wato EA, shi ba alkawari a ciki, za a ba ku amsa da wuri kuma kuna da har 1 ga Mayu ku yanke shawara. MIT na cikin masu yin haka.

Sai na ukun da Harvard, Yale, Princeton da Stanford ke yi, ba dole yaro ya je ba in an ɗauke shi amma an hana shi neman wasu jami'o'i masu zaman kansu a zagayen farkon.

Ku sa yaron ya buɗe muku Common App ɗinsa, wato shafin intanet ɗin da ake cike fom ɗin jami'o'i da yawa a wuri ɗaya, ku gani da idonku wace jami'a ce a wane layi. Gargaɗi: in kuka gano wani eja ya cike wa yaro ED a wuri biyu, ku janye ɗaya yau ɗin nan, don in aka gano duka biyun na iya soke shi.

2. Fotal da imel

Kwana kaɗan bayan tura fom kowace jami'a tana aiko da imel mai ɗauke da hanyar buɗe fotal nata na kanta, daban da Common App. A cikin fotal ɗin nan ne sakamako zai fito, kuma a ciki akwai jerin takardun da suka iso da waɗanda ba su iso ba: tiranskirif, wasiƙun malamai, sakamakon WAEC, na SAT (jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka), da na jarrabawar Turanci wato TOEFL ko IELTS ko Duolingo. In akwai wanda bai iso ba fayil ɗin yaro bai cika ba ke nan, kuma wanda bai cika ba yana iya wucewa ba a karanta shi a wannan zagayen ba.

Yaro ya duba fotal sau ɗaya a rana ya wadatar, ya kuma leƙa akwatin spam don imel ɗin jami'o'i na yawan faɗawa can. Ku rubuta sunan shiga da fasword a takarda ku ajiye. Wani lokacin tsohon ɗalibin jami'ar zai turo saƙo yana neman hira da yaron ta Zoom ko waya, a amsa masa cikin kwana ɗaya ko biyu, in kuma ba a kira shi hira ba wannan ba alamar komai ba ce, yawanci ƙarancin masu yin hirar ne a yankin.

Gargaɗi biyu a nan. Imel ɗin jami'ar Amurka na gaskiya da .edu yake ƙarewa, duk wanda ya turo daga Gmail yana cewa a biya kuɗi a "tabbatar da gurbi" kafin sakamako ɗan damfara ne. Na biyu, Alhaji, Hajiya, don Allah kar ku riƙa tura wa ofishin admishan saƙo ko kira da kanku, kuma kar ku rubuta da sunan yaron, suna ganewa. In akwai tambaya shi zai rubuta, gajere, da cikakken sunansa da lambar fayil ɗinsa.

3. Takardun kuɗi, nan ne aikin iyaye na gaske

Manyan jami'o'i masu zaman kansu a Amurka kuɗin shekara ɗaya, karatu da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000. Ba mai biyan wannan daga albashin naira, don haka kusan kowa tallafi yake nema, kuma fom ɗin tallafi yana da nasa wa'adin daban, galibi tare da na admishan ko 'yan kwanaki bayansa.

Yaron da yake ɗan ƙasar Amurka ko mai girin kad zai cike FAFSA, fom ɗin neman tallafi na gwamnatin Amurka, kyauta ne. Yawancin jami'o'i masu zaman kansu kuma suna neman CSS Profile, fom ɗin bayanin kuɗin iyali na wata cibiya mai suna College Board, daga kowa da kowa, kuɗinsa dala 25 jami'ar farko, dala 16 kowace ƙari. Wasu na karɓar wani fom na takarda mai suna ISFAA daga ɗaliban waje maimakonsa, shi ba a biya. Ku tanadi katin banki da ke biyan dala tun yanzu ku gwada shi, kar sai daren ƙarshe ya ƙi wucewa.

Abin da za ku tattara: takardar albashi ko wasiƙa daga wurin aiki, takardar haraji, bayanan banki, da ƙiyasin darajar gida, gona, shago. CSS na barin iyayen waje su rubuta adadi da kuɗin ƙasarsu, shi zai juya da kansa, don haka kar ku juya zuwa dala sannan ku zuba a gurbin naira, mutane na yin wannan kuskuren sai lissafi ya fito kamar ba ku da ko sisi, a dawo ana tuhuma. Ɗan kasuwa da ba shi da takardar albashi ya nemi akanta ya rubuta masa bayanin shiga da fita na shekara.

Akwai gurbi a fom ɗin na bayanin yanayi na musamman, kuma mutanenmu na tsallake shi alhali mu ya fi amfana. Fom ɗin an tsara shi ne kan gidan miji ɗaya mata ɗaya 'ya'ya biyu. In kai magidanci ne mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, ga tsohuwa a ɗaki, ga marayun ƙaninka kana biya musu makaranta, to rubuta shi a fili da adadin mutane da abin da ake kashewa, ba abin kunya a ciki, wanda zai karanta ba zai taɓa hasashen wannan da kansa ba. In iyaye sun rabu, jami'o'i da yawa na neman bayanan ɗayan ma, in ba a san inda yake ba akwai fom na neman a ɗauke wannan sharaɗin.

Gargaɗi: kar ku ɓoye kadara kuma kar ku kumbura asusu da kuɗin aro don a ga kuna da hali, duk biyun na dawowa kan yaro. Sannan in yaro ɗan waje ya ce a fom ba ya buƙatar tallafi don a fi saurin ɗaukarsa, jami'o'i da dama ba za su bari ya dawo ya nema daga baya ba, har ya gama. 'Yan kaɗan ne ba sa duba aljihun ɗalibin waje wajen ɗauka, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth, Bowdoin da Brown, sauran suna dubawa.

4. A ci gaba da sauran takardu kamar ba a tura na farko ba

Sakamako na fita wajen tsakiyar Disamba. Wa'adin zagayen gama-gari kuwa, wato na masu neman da ba su bi ta zagayen farko ba, galibi daga 1 zuwa 15 ga Janairu ne. Ku lissafa, mako biyu ne kawai tsakani ga jami'o'in 1 ga wata, kuma makonni biyun nan su ne lokacin da sakandarenmu ke hutu, malamin gaidans ya tafi garinsu wayarsa ba ta shiga, ofisoshin jami'o'in Amurkan su ma sun rufe don Kirsimeti da sabuwar shekara. Yaron da aka ce masa a'a ranar 15 ga Disamba ba zai zauna ya rubuta maƙala mai kyau ranar 16 ba.

Don haka kafin makaranta ta tashi: a tabbata malamai sun ɗora wasiƙunsu da tiranskirif a Common App, a karɓi lambar malamin gaidans ta gida, yaro ya gama rubuta ƙananan maƙalolin sauran jami'o'in ya ajiye. Common App na ɗaukar jami'o'i har 20 amma takwas zuwa goma sha biyu da aka zaɓa da hankali sun fi ashirin na kame-kame. Kuɗin fom yawanci dala 50 zuwa 90 ne kowace, shi ya sa nake ba da shawarar a shirya komai amma a dakata da biya sai an ga sakamakon Disamba, sai dai in jami'ar na da wa'adin sikolashif na farkon Disamba. Wanda ba shi da hali ya nemi a yafe masa kuɗin fom, akwai gurbin hakan a cikin Common App. Ofisoshin EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka mai wayar da kai kan karatu a can, na Abuja, Legas, Akra da Kumasi suna ba da shawara kan duk waɗannan.

Ga na gida Najeriya kuma, rajistar JAMB a farkon shekara take buɗewa, a yi ta. Ko an samu Harvard a yi ta. Dalilin yana mataki na 9.

5. Zaman gida kafin ranar

Wannan gajere ne amma da wuya. Ku daina tambayar "an saki?" kullum safe da yamma, yaron ya fi ku matsuwa. Kar a baza wa dangi da guruf ɗin WhatsApp na zumunci sunan jami'ar, don ranar da abin bai yiwu ba mutum arba'in ne za su kira suna jaje kamar an yi rasuwa. Bidiyoyin yara na buɗe sakamako suna ihu a YouTube da TikTok ma a rage kallonsu, waɗanda aka ɗauka ne kawai ke ɗorawa. A yi addu'a, a kuma zauna sau ɗaya tun kafin ranar a faɗa wa yaron a fili cewa ko me ya fito ba laifinsa ba ne kuma ga abin da za a yi gaba.

6. Daren sakamako

Jami'a na sanar da rana da lokaci ta imel ko a fotal 'yan kwanaki kafin. Lokacin da za su rubuta agogonsu ne. A Disamba Najeriya da Nijar na gaban New York da Boston da awa shida, Ghana da awa biyar, California kuwa awa tara ne tsakaninta da Najeriya. Ke nan in sun ce bakwai na yamma agogon gabashin Amurka, ƙarfe ɗayan dare ne a Kano, sha biyun dare a Kumasi, kuma kwanan wata ya riga ya juya.

A yi cajin waya da fawa bank tun da rana, a sa data a layi biyu. Fotal na iya tsayawa a mintunan farko saboda cunkoso, a jira minti goma, ba abin da zai gudu. Ku tambayi yaron tun da wuri ko yana so ya buɗe shi kaɗai ko da ku, in ya ce shi kaɗai ku bar shi a ɗaki, kar a tsaya masa a ka da kyamara. Kuma a karanta wasiƙar har ƙarshe, a sauke ta a ajiye, don sharuɗɗa da ranakun wa'adi a ƙasa suke.

7. In an ɗauke shi

Alhamdulillahi, a yi murna, amma kar a janye komai kuma kar a biya komai sai an ga wasiƙar tallafi. Takan zo tare da ta admishan ko bayan 'yan kwanaki.

Ga yadda za ku karanta ta. Ku ɗauki biro ku raba abin da ke ciki kashi uku. Kyauta, wato grant ko sikolashif, ba a biya. Bashi, wanda za a biya da ruwa, kuma ga mai gudun riba wannan layin ne zai fara nema. Sai kuɗin aikin da yaro zai yi a cikin makaranta, wanda ba ya zuwa sai ya yi aikin, ɗalibin waje kuma awa 20 a mako kawai doka ta ba shi lokacin karatu. A misali, a ce jimillar kuɗin shekara dala 88,000, kyauta 79,000, aiki 3,000, bashi 2,000, a ido kamar saura 4,000, amma abin da zai fito daga jikinku da jikin yaron 9,000 ne. Ku juya shi naira, ku ninka sau huɗu, ku tuna dala ba ta tsayawa wuri ɗaya. Sannan ku tambaya ko inshorar lafiya na ciki, don ita kaɗai tana kai dubban daloli a shekara, ga tikitin jirgi, ga kayan sanyi, ga inda zai zauna in an rufe hostel lokacin hutu.

In kuɗin ya fi ƙarfinku ku rubuta wa ofishin tallafi cikin ladabi ku nemi a sake dubawa, da hujja a takarda: faɗuwar naira, rashin lafiya, ritaya, yawan iyali. Ana yin haka kuma ba a soke admishan don an roƙa. In an duba har yanzu ba zai yiwu ba, ko a ED ne ana iya neman a sake ku daga alkawarin, rashin isasshen tallafi shi ne uzurin da aka yarda da shi. Amma a rubuce za ku nema a rubuce su amsa, ba ku yi shiru ku ɓace ba, don hakan na shafa wa 'yan bayansa na makarantarsu.

In komai ya daidaita kuma ED ne, a biya kafin alƙalami in suna nema, yawanci 'yan ɗaruruwan daloli ne, sannan yaro ya shiga fotal ɗin sauran jami'o'in ya janye. In EA ne ba gaggawa, a jira sauran sakamakon na ƙarshen Maris a gwada tallafi da tallafi kafin 1 ga Mayu.

Gargaɗi: admishan ɗin da sharaɗi yake. Za su nemi sakamakon tsakiyar shekara da na ƙarshe, in maki ya zube suna iya janyewa. Haka ma abin da yaro ke rubutawa a intanet, a 2017 Harvard ta soke admishan na aƙalla ɗalibai goma saboda munanan hotuna da barkwanci da suka riƙa turawa a wani guruf na Facebook.

8. In an ɗage shi, ko an ce a'a

In wasiƙar ta ce deferred, an mayar da fayil ɗinsa zagayen gama-gari ne za a sake dubawa, amsa sai Maris ko farkon Afrilu. Alkawarin ED ya faɗi daga nan, ya zama ɗan kansa. Abin yi: ya bi umarnin da ke cikin wasiƙar sak, wasu na son ɗan gajeren saƙo na cewa har yanzu yana so tare da sabon abin da ya cimma tun Nuwamba, wasu sun ce kar a turo komai, in sun ce kar a turo to kar a turo. Malamin gaidans ya tura sakamakon zangon farko da zarar ya fito. Saƙo ɗaya, shafi ɗaya, ba a riƙa damunsu duk mako ba. Ni dai shawarata ku ɗauka kamar ba za a samu ba ku maida ƙarfi kan sauran.

In a'a ce kai tsaye to wannan jami'ar ta rufu a bana, ba a sake nema a zagayen Janairu, ɗaukaka ƙara kuma kusan ba ya canza komai. A bar yaro kwana biyu ya huce, kar a fara binciken wa ya jawo, kar a kawo zancen ɗan wane da ya samu. A kwana na uku a buɗe takardun mataki na 4 a fara turawa. Akwai kuma ED na biyu da wasu ke yi, irin su NYU, Chicago, Johns Hopkins, Vanderbilt, Emory da Tufts, wa'adinsa farkon Janairu, amsa wajen tsakiyar Fabrairu, shi ma alkawari ne kamar na farko don haka kar a faɗa masa cikin fushi, a fara duba ko suna ba ɗaliban waje tallafi mai kauri.

9. Fasfo, I-20 da biza

Wanda ke da fasfon Amurka ko girin kad wannan matakin bai shafe shi ba. Sauran, ku ɗauko fasfo yau ku ɗora shi kusa da takardar WAEC da Common App ku duba suna harafi-harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, Abubakar ya zama sunan tsakiya a wata takardar ya zama na ƙarshe a wata, haka ranar haihuwa. Duk wanda ya saɓa a sanar da jami'a ta bi abin da ke fasfo, in fasfon ya kusa ƙarewa a sabunta tun yanzu.

Bayan an karɓi gurbi jami'a za ta nemi shaidar cewa akwai kuɗin shekarar farko, wasiƙar tallafi haɗe da bayanan banki na ragowar, sai ta ba da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi. Da ita ake biyan kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, dala 350, a cike fom ɗin neman biza DS-160, a biya kuɗin neman biza dala 185, a nemi ranar intabiyu a Abuja ko Legas ko ofishin jakadancin Amurka na ƙasar da kuke. Ba a shiga Amurka da bizar ɗalibi sai saura kwana 30 ko ƙasa da haka a fara karatu. Tun Yunin 2025 kuma ana umartar masu neman bizar ɗalibi su buɗe shafukansu na sada zumunta don a duba.

Babban gargaɗin yana nan. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ba da biza ga 'yan wasu ƙasashe ciki har da Chadi da Sudan, a Disambar 2025 ta faɗaɗa jerin ya haɗa da Nijar da Najeriya, kuma bizar ɗalibai na cikin waɗanda abin ya shafa. Dokokin nan canzawa suke, don haka kafin ku biya kafin alƙalami ko SEVIS ku shiga shafin ofishin jakadancin Amurka na ƙasarku ku karanta abin da ke ƙasa a ranar, ba abin da eja ya faɗa ba. Sannan yaro ya rubuta wa ofishin ɗaliban waje na jami'ar tambayoyi uku: in biza ba ta samu ba za su ajiye masa gurbin zuwa baɗi, tallafin zai biyo gurbin ko sai an sake nema, kuma in ya fara karatu a wata jami'a a gida kafin nan hakan zai ɓata gurbin ko a'a, don wasu na hana yin rajista a wani wuri lokacin ɗagewar. Ku ajiye amsar da suka bayar a rubuce, da ita za ku san ko ya karɓi admishan ɗin JAMB in ya fito ko ya dakata.